Na Daɓe Garkarki Saboda Keken Ummi

Zuwa ga Tasalla, matata, wadda ta riga ni tafiya.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima inda kike, na zauna in ba ki labari. Kin san hannuna ba ya sauri da biro, don sai da furfura ta fito mini na shiga makarantar yamma, kina yi mini dariyar ɗan lakwal mai gemu. Ki yi haƙuri da rubutun.

Shekara uku ke nan da rasuwarki, gidan ya yi mini faɗi. Damina biyu a jere ruwa ya yi gardama a Damagaram, kamar shekarar da fari ya koro mu daga Tirmini zuwa Zinder, kina goye da autanmu Issufu. Garkar bayan ɗaki, inda kike shuka kuɓewa da yakuwa, ta zama ƙasa tsura.

Issufu yana Yamai da iyalinsa. 'Yarsa da ya sa wa sunanki, wadda muke kira Ummi, ta kai shekara tara. Bara ya kawo mini ita hutun lakwal. Kwana uku ta yi ta fara kuka, wai gidan Kaka ba motsi. Ya mayar da ita. Na daɗe ban ci tuwo da daɗi ba.

Bana ya kira ni ta salula ya ce zai sake kawo ta. In ta yarda ta zauna, zai bar mini ita har ƙarshen hutu. In ta ƙi, su koma tare ranar Asabar. Ya kuma aiko mini hoto mai motsi, Ummi bisa keke a wani fili da aka yi wa tuddai da gangare, hanyar ta kewayo ta dawo inda ta fara. Ba ta murza feda. Tana danna jikinta in za ta gangara, ta ɗaga in za ta hau, keken yana ta gudu. Na kalla har salula ta mutu. Na ce a raina, in tudu ne yake riƙe yarinyar nan, ai ƙasa ba ta ƙare a garkarki ba.

Na ari burwati, baron tura kaya, na kwaso jar ƙasa daga bangon maƙwabci da ya faɗi. Matsalar ita ce ruwa. Pampo yana kwana huɗu bai ɗiga ba, kuma ba zan zuba ruwan sha a ƙasa mutane suna layi da jarka ba. Sai na ajiye kwano duk inda zan yi alwala, na tara da na wankin kwanuka. Da shi nake jiƙa ƙasar kaɗan kaɗan.

Ga inda na yi wauta. Hannun manomi bai san wani tudu ba sai kunyar gona. Na ɗauki galma na ja kunyoyi bakwai reras, kusa da kusa, masu tsini, kamar zan shuka gyaɗa. Na tsaya ina yaba kaina. Da na hau tsohon kekena don gwaji, ƙafar gaba ta cije a kwari na farko, na kife. Gwiwata ta kumbura kwana biyu. Da kina nan da kin ce abin da kika saba, «Malam, kai tsufa ya zo bai same ka gida ba.»

Ina jinyar gwiwar na sake duba hoton. Ashe tuddan nasu kwance suke kamar bayan saniya, da tazara tsakani, ga santsi. Santsin ne ya tuna mini da ke, ranar da kika daɓe tsakar ɗakinmu, ke da matan unguwa kuna waƙa kuna bugu har ƙasa ta yi ƙyalli. Na shiga ɗakinki na samo madaɓinki a bayan tukwane. Wurin riƙonsa ya lotsa daidai yatsunki, nawa ba su shiga ba.

Na rushe kunyoyin, na mai da bakwai suka zama huɗu. Na jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, yadda na ga kina yi, na durƙusa ina bugu. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna dariya, wai tun da suke ba su ga namiji da madaɓi ba. Ko ɗaya ba ta yi mini waƙa ba. Ni ma ban iya ba, sai na riƙa ƙirga bugun a raina.

Ranar Laraba Issufu da Ummi suka iso, kekenta ɗaure bisa mota. Ta gaishe ni a takure, tana riƙe da rigar ubanta. Na ce ta je bayan ɗaki ta gani. Tasalla, ta kewaya sau ɗaya tana taka tsantsan, a na biyu ta daina murza feda. Ɗankwalinta ya faɗi, ba ta tsaya ɗauka ba. Murna ta kama ni har na juya wajen madafa zan kira ki ki fito. Bakina a buɗe na tuna.

Da yamma ta kawo mini ƙara. Wai kwanar hanyar da ke gindin katanga ba ta karkata ba, tana zubar da ita, kuma wai tsoho ba ya iya aikin kirki. Na ce mata wadda ba ta ɗauko ko kwando guda na ƙasa ba, ba ta da bakin magana.

Yau Asabar. Issufu ya ɗaure jakarsa da safe ya tambaye ta. Ta ce ya tafi, ita ba ta gama gyaran kwana ba. Na raka shi tasha na dawo, na same ta ta riga ni ajiye kwano a wurin alwala.

Na gaya wa liman, na gaya wa mai shayi, duk sun taya ni murna. Amma labarin bai sauka daga ƙirjina ba sai da na gaya miki.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya saukar mana da ruwa mai albarka. Allah ya raya takwararki. Idan tawa ta zo, ya sada ni da ke.

Naki har kullum,
Mijinki, kakan Ummi