Toshin Sallah a Watan Sha'aban

Ya ke Shagufta, furen mangwaron da ya riga 'yan'uwansa buɗewa, sanyin kogin Chenab a ranar da garinmu Multan ke gasa tsuntsu a sama, hasken idon mai basilla!

Kafin in yabe ki, bari in yabi wanda ya fi ni hikima, wato malamin da ya rubuta sanarwar da aka manna a bangon gidan waya. Allah ya ƙara masa basira! Malamai na can suna wahalar neman jinjirin wata a sama, shi kuwa yana zaune ƙarƙashin fanka ya hango Sallah a cikin Sha'aban. Ya rubuta da manyan baƙaƙe wai annoba ta rage jirage, don haka duk mai son ƙunshinsa ya ci Sallah a ƙasar waje, ya kawo shi kafin sha biyu ga wata. A da sai tsakiyar azumi ake rufewa. Wata guda cur ya ɗauke mana da alƙalami, ko gumi bai yi ba. Shekarata goma sha ɗaya a bakin ƙofar nan ina ɗinke ƙunshin mutane da farin akoko, ina ɗiga musu jan danƙon hatimi, ban taɓa ganin ɗinki mai tsafta irin nasa ba. Da zare ɗaya ya ɗinke bakin gari.

Kin san inda takardar nan ta soke ni. Wannan ce Sallar farko tun da aka yi mana baiko, kuma a wajenmu gidan da bai kai wa amaryarsa toshin Sallar farko ba, ya ce ya fasa ke nan, ko bai buɗe baki ba. Goggonki Parveen ta fi kowa sanin haka. Na saurari saƙon da ta turo wa mahaifiyata daga Bradford, can ƙasar Turawa inda kuke, murya kamar an barbaɗa sukari a kan barkono: "Yaya, kada ku takura wa yaron nan, annoba ce. In kaya ba su zo ba ai mun gane. Ga Tanveer mai kantin magani ma, kullum sai ya tambayi lafiyar Shagufta." Kin ji fa! Mai kantin magani yana tambayar lafiya, ai ciniki yake nema.

Ya ke ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, kin tuna ranar da kika kawo ƙunshin yayanki, shekara uku da suka wuce, kafin asibitin Turawa ya ɗauke mini ke? Na ce ki danne mini ƙullin da yatsa in ɗaure. Kika danne kina kallon gefe, kika ce, "Malam, ɗaure ƙunshi aka ce, ba yatsana ba." Wayyo ni! Ƙulli uku na yi a inda ɗaya ya isa. Ni da nake kallon kaya in faɗi nauyinsu kafin sikeli ya buɗe baki, a kallo ɗaya na ɗauki awon hannun nan, na adana shi inda asu ba ya kaiwa.

Ranar ƙarshe ta zo kasuwa tana kulle. Na ƙwanƙwasa wa Baba Rehmat mai awarwaron gilashi, ya ɗaga ƙofar ƙarfensa kamu ɗaya daga ƙasa, ni a durƙushe a waje, shi a durƙushe a ciki, kamar kaji biyu a bakin akurki. Ya ce, "Liaqat, kai da ba ka da ƙanwa, wa ya auna maka hannun 'yar mutane?" Na ce, "Baba, miƙo kore, lamba biyu da kwata, ka bar wa Allah sauran." Ya miƙo ashirin da huɗu yana dariya har da tari.

Na iso wurin aikina na tarar da layi ya kai masallacin da ke kan kwana, kowa da takunkumi a fuska da kaya a ka. Da na so, da nawa na fara ɗinkewa na kai taga, wa zai hana ni? Amma a ce Liaqat ya tsallake tsohuwar da ke aika wa jikanta hular Sallah don ya kai wa amaryarsa lalle? Da wane ido zan kalle ki, ke da kike ba marasa lafiya ruwa kafin ki sha? Na zauna. Ƙunshi sittin da uku na ɗinka, Shagufta, sittin da uku, babu wanda zarensa ya karkace! Basilla ta sha jinina sau huɗu, danƙo ya ƙona mini babban yatsa, ban tashi ba sai da la'asar. Na sittin da huɗu shi ne naki, ana saura minti ashirin a rufe taga.

Ka'ida ce ba a rufe ɗinkin ƙarshe sai malamin taga ya ga abin da ke ciki. Ya ga riga da wando da mayafi ruwan ganyen alkama, waɗanda mahaifiyata ta yi wa aikin hannu. Ya ga garin lalle, da gwangwanin alewar sohan, da awarwaron da na jera a kan naɗaɗɗiyar takarda na lulluɓe da audugar bana, yadda ko giwa ta zauna a kai ba za su ce ƙas ba. Sai ya juya ya karanta sunan da na rubuta a kan akoko, ya sauke tabarau, ya ce, "Sughra Bibi? Liaqat, wannan tsohuwar ai a shekaru ta haifi uwarka. Annobar ce ta taɓa maka kai?"

To, ga abin da shi bai gane ba, ke ki gane. Ƙunshin nan yana iya isowa cikin sati uku, yana iya yin shida, jirgi ne ya sani. In ya faɗo ƙofarku farkon azumi a hannun ɗan aiken gidan waya, Goggo za ta ce wannan ba toshi ba ne, kaya ne aka jefo, zakara ya yi cara da azahar. Kuma gaskiyarta! Toshi matan gidan ango ke kai shi, a kan faranti, an rufe shi da jan ƙyalle, cikin goman ƙarshe. Mahaifiyata ba ta da jirgin hawa. Amma ni shekara goma sha ɗaya ina rubuta adireshi da hannuna, babu gidan mutanen Multan a Bradford da ban san lambar ƙofarsa ba. Sughra Bibi tana layi na biyu bayan naku, duk alewar da ta ci a ƙasar sanyi ni na ɗinka mata. Na buga mata waya, ban gama magana ba ta ce, "Rufe bakinka, ɗan nema. Yau ka san ni uwarka ce? Farantin azurfa zan fitar, Parveen ta gani ta kasa barci." Ita za ta ɓoye shi, ita za ta tsaya a ƙofarku ranar ashirin da bakwai ga azumi a madadin mahaifiyata.

Ya ke tantabarar da ta tsallake teku bakwai ba ta jiƙa fiffike ba! Na ga hoton da kika turo, shatin takunkumi kwance a kumatunki kamar sawun garma a gonar da ta sha ruwa. Na nuna wa masu sayar da ambulan, na ce ga wadda ta tsaya inda maza suka gudu. Wace rana ce zan ji ƙarar koren gilashi a hannun nan? Wane wata ne zai fito in gan shi a idonki? Ina ɗinka hanyar kowa zuwa wurin nasa, ni kaɗai aka bari a bakin ƙofa da zare a baki!

Roƙona ɗaya ne. Duk abin da Goggo za ta ce, kada ki ce i, kada ki ce a'a, sai ashirin da bakwai ga wata. Abin da hannu ke iyawa na yi shi, kuma ban ji kunya ba. Wasiƙar nan ma hotonta zan turo miki ta waya, don in na sa ta a ambulan sai da naman layya za ki karanta ta.

Ni ne naki, ko jirgi ya tashi ko ya kwanta, ko Chenab ya cika ko ya janye, har ranar da za a naɗe ni ni ma a farin yadi,

Liaqat Hussain, na bakin gidan waya.

Af, in kin ga Goggo cikin fara'a, ki tambaye ta a hankali: shi Tanveer da ke taku ɗari daga ƙofarku, babu teku babu kwastan a tsakani, wane jirgi yake jira?