Ciwon Kaina Ba Ya Jiran Ranar Likita

Zuwa ga Jami'in da ke tsara zuwan likita ɗakunan shan magani na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, ranka ya daɗe, ni direba ne. Ina jan a-kori-kura tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, buhunan albasa a ƙasa, mutane a kansu. Motar ta wani Alhaji ce, ba tawa ba. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, gajiya ce ta sa na ɗauki biro.

Shekara shida ke nan ina fama da ciwon ɓarin kai. Yakan fara da walƙiya a idon hagu, sai rabin abin da ke gabana ya ɓace, sannan kan ya ɗauka kamar ana daka a ciki. In yi ta amai, in kwana biyu a ɗaki da ƙyaure a rufe.

Na farko, na yarda ban zo wurinku da wuri ba. Na sha ƙwayoyin 'yan tebur har cikina ya soma zafi. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya sau uku. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, mai ɗakina ta ɗaure mini kai da ɗankwali har ya bar shata. Kowanne sai a ce mini daga shi an gama.

Na biyu, malamin ɗakin shan maganinmu mutumin kirki ne, da bakinsa ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce in jira likita, mai zuwa Laraba ɗaya a wata, don shi kaɗai ke ba da takardar zuwa babban asibiti a Sakkwato. Ran da likita ya zo, lafiyata lau. Ya haska idona, ya auna jinina, ya ce ga ni garau, in dawo ranar da kan ke ciwo. Ranka ya daɗe, wannan ciwo bai san Laraba ba. Sau huɗu ina bin layi da lafiyata. Sau ɗaya tak ya dace da ranar, kuma ran nan ko buta ban iya ɗagawa ba. Washegari na lallaɓa na je, malamin ya ce, "Ai likita ya tahi tun jiya, Garba. Sai hanƙuri, har watan gobe."

Na uku shi ne abin da na daɗe ina ɓoyewa. Ranar kasuwar Jega da ta wuce na taso daga Maiyama da mutane cike a baya, har da mai goyo. Ina cikin tafiya rabin hanya ya ɓace mini. Ban ga shanun da ke tsallakowa ta hagu ba sai da fasinjoji suka saka salati. Allah Ya kiyaye, na tsaya. Na ce musu inji ne ya yi zafi, na buɗe gaban mota na sunkuyar da kai ciki don kada su gane halin da nake ciki. Ƙarya na yi musu, kuma har yau ina jin kunya.

Ba na neman a hukunta kowa. Roƙona, a ba malamin nan izinin rubuta abin da ya gani ranar da ciwo ya tashi, likita ya karɓi shaidarsa. In ba haka ba, a bar shi ya ba da takardar da kansa. Ba ni kaɗai ba ne, a layin nan na ga mata da dama masu ɗaurarren kai.

Ta jarida na aiko wannan wasiƙa, kuma na san ana karanta jarida da ƙarfi a tasha, Alhaji zai ji. Ban jira ba, jiya bayan la'asar na kai masa makulli, na gaya masa gaskiya. Ya ce zai jira ni har a gama cirar albasa, bayan nan sai ya ba wani. 'Ya'yana biyar, kuma ban iya komai ba sai tuƙi.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya ba ka lafiyar da ba za ka taɓa sanin irin wannan ciwo ba.

Wassalam.

Garba Direba,
Jega.