Ana ce min Likita, hannuna kuma rawa yake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, ku kuma ku ba ni shawara, abin nan ya isar min wuya.

Ni ɗalibar nas ce a jami'a, 'yar wani ƙauye a Kusada. Ina aji biyu aka yi annobar amai da gudawa a garinmu, lokacin ina gida hutu. Da yake ni kaɗai ce na ɗan san wani abu, ni ke bi gida-gida ina haɗa ruwan gishiri da suga, ina hana mata ɗebo ruwan tafki, da yawa Allah ya tashi kafaɗunsu. Sai Innata ta kamu. A kan cinyata ta cika a cikin mota, muna dab da shiga Kankia inda za a ƙara mata ruwa a asibiti. Ban yi kuka ba, washegari ma na koma zagayen gidaje, tun daga nan kowa Likita yake ce min, har tsofaffi.

Da na koma makaranta na tarar ba ni kaɗai aka yi wa rashi ba, sai na fara tara irina a gindin wata bishiyar bedi bayan hostel, kowa ya faɗi abin da ke cin sa. Wallahi zaman ya yi amfani, wata da ta haɗa kaya za ta bar karatu yanzu ita ke ja mana aji. Ni ma na canza, da ko gaisuwa kunya nake ji, yanzu ni ke lallashin mutane.

Amma abin da ba su sani ba, ko ledar ƙarin ruwa na gani a ɗakin marasa lafiya sai hannuna ya kama rawa, fuskar Inna nake gani. Banɗaki nake shigewa, ƙawata ke sa wa marasa lafiyana allura a ɓoye. Yanzu ta ce ta gaji, jarrabawar aiki ta matso, kuma rai ba abin wasa ba ne. Malamarmu ta lura, ta ce in ɗage shekara in ga likitan ƙwaƙwalwa. Na ɗan gwada wa Baba maganar, ya yi faɗa sosai, wai ni da na riƙe gari guda ina na kai tawakkalina, kuma kar in ja a ce ɗiyarshi ta taɓu.

To shekaranjiya yayana ya kira, Baba ba lafiya, an ce sai an ƙara masa ruwa, shi kuma ya rantse ba mai huda shi sai Likitarshi ta zo. Tsoro nake ji sosai. In na ce ba zan iya ba ban san ko zai yarda da wani ba, in na karɓi allurar kuma na san hannuna. Jama'a, gobe zan hau mota, me zan ce masa in ya miƙo min hannu?