Wa Ya Kankare Layin Wuyan Dodo?

Zuwa ga Babban Malami mai kula da littafin tatsuniyoyi na 'yan makaranta,

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Allah ya ƙara girma. Bayan haka, ni ne Habu ɗan Malam Isiyaku na Gagarawa, wanda ya gama makaranta bara, wanda ka sa ya zana halittun littafin nan. Na liƙa irin wasiƙar nan a ƙofar ofis a Gumel, domin maganar ta riga ta shiga bakin mutane.

Na ɗaya. Mahaifina bai so aikin nan ba. Sai da na yi kwana uku ina roƙo kafin ya yarda, bisa sharaɗi ɗaya: kowace halitta in ja mata layi a wuya, ya raba kai da gangar jiki, don kada ta zama cikakkiyar sura. Na yi masa alkawari a gaban ɗalibansa.

Na biyu. Zane goma sha ɗaya na yi. Shi Dodo, na ba shi ƙafafun raƙumin da na zauna na duba a kasuwar Maigatari, da bayan kura, da ƙahon rago. Akwai maciji mai kai bakwai, shi kaɗai ya ci layi bakwai. Akwai kuma mutumin ƙarfe mai jan guga a rijiya, wanda na ƙago da kaina. Ba shi da rai, amma shi ma na ja masa, don hankalina ya kwanta. Ranar Laraba na miƙa su hannun magatakardanka, na ƙirga a gabansa sau biyu.

Na uku. Ranar Litinin aka kira ni in duba su kafin a kai Kano a buga. Layukan sun ɓace. Na ɗaga takardun a rana, na ga wurin ya yi sirara, alamar kankarar aska, an kuma cike da tawadar da ta fi tawa baƙi. Sunana yana ƙasan kowanne.

Aka ce mini wai an ɗauka kuskuren alƙalami ne. Allah ya gafarta Malam, da haka ne, da duka goma sha ɗaya aka kankare. Goma aka taɓa. Na mutumin ƙarfe yana nan. Wanda ya yi aikin nan ya san amfanin layin, ya san wanda ke da rai da wanda ba shi da shi. Mutum ɗaya na taɓa yi wa bayanin a ofis, shi ne magatakarda, kuma kowa ya san ya nemi aikin zanen kafin a ba ni. Ban gan shi da aska ba, don haka ba zan rantse ba. Amma wa ya kai labari Gagarawa cewa zanena ba su da layi, tun ranar Asabar, kafin ni kaina in gani?

Tun ranar mahaifina bai ƙara sa ni karanta wa ɗalibai ba.

Roƙona: a ba ni takardun in mayar da layukan da hannuna, a gabanka. In ba zai yiwu ba, a kankare sunana. Sannan a ba ni Dodo na kwana biyu, in kai wa mahaifina ya ɗaga a rana da kansa. Maganata kaɗai ba ta isa ba yanzu.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka daga sharrin na kusa.

Wassalam.

Habu Isiyaku, Gagarawa