Waken da na kai Droum

Zuwa ga 'yata kuma uwata, Cima,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon Allah ya yalwata miki makwanci. A ƙa'ida nan ne ake tambayar lafiya, to ke shekara biyu ke nan da aka sallame ki daga wannan tambayar. Mu dai muna nan. Innarki lafiya, wanki Lawali lafiya, keken ɗinkina ne kawai ya fi ni tari.

Dalilin wasiƙar nan shi ne na tafka abin kunya a Droum, kuma da kayan aikinki na tafka shi.

Lawali ya ce Rabi yake so, 'yar wana Yaya Isufu na Droum, ita ma ta ce shi. Kowa ya yi murna, an ce zumunci zai ƙara ƙarfi. Ni kaɗai ban yi murna ba, don na san takardar analiz ɗin Lawali, ta gwajin jini, ta nuna yana ɗauke da irin ciwonki, amosanin jini, ko da yake bai taɓa kwantar da shi ba. Rabi kuwa ba a taɓa gwada jininta ba. Sai na ce bari in je in yi wa Yaya bayani irin na masana, ni da aka kora daga lakwal a aji huɗu saboda kwaikwayon tafiyar mushe, malaminmu.

Kin tuna wasan wake? Kina lise lokacin, babbar sakandare, kin tashi daga wata doguwar kwanciya, idanunki duk sun yi rawaya. Kika sa na kawo ƙoƙo biyu, kika zuba wa kowanne farin wake ɗaya da ja ɗaya. Kika ce wannan ƙoƙon uba ne, wancan uwa. A rufe ido a ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowanne, shi ne ɗa. In ja ya haɗu da ja, an haifi irinki. A mayar, a sake ɗauka, wata haihuwar ke nan. Kika ce a ƙiyasi ɗaya cikin huɗu ne. Ni kuma na ce ashe shi ya sa ba kya son dafa-duka.

Wannan na ɗauka na kai Droum. Bayan la'asar, maza sun dawo daga yankan gero, an zauna gindin itacen bedi. Na gyara tabarau, na jera ƙoƙuna, na yi gyaran murya kamar za a sa ni a rediyo. Na rufe ido na ɗauka: fari da fari. Na sake: fari da ja. Uwata, sau shida ina ɗauka, ja bai haɗu da ja ba ko sau ɗaya. Ina shirin na bakwai, gumi na zubo mini, wata kazar gidan ta zo ta gabana ta tsince jan wake ɗaya ta haɗiye.

Har da mai kwanciya don dariya. Yaya ya share hawaye ya ce, "To Mutari, ga shi waken naka ma ya sa albarka." A zaman nan aka tsayar da rana, bayan an gama cirar gyaɗa. Na je hana gaggawa, na dawo da ranar biki.

Sai a bayan kabu-kabu, muna hanyar Damagaram, maganarki ta faɗo mini: "Baba, wake ba shi da tunani, bai san abin da ya fito ɗazu ba." Kin ce wani gidan zai haifi takwas lafiya lau, wani kuma biyu a jere duk masu ciwo, kuma lissafin bai yi ƙarya ba. Na ji wannan a lokacin, sai dai ban ajiye shi inda zan same shi ba.

Haka muka yi ta yi da ke. Ki kawo tambaya, in ba ki shirme. Kina 'yar shekara bakwai kika ce me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, na ce randa tana tsoron Innarki ne, jikinta ya yi sanyi. Daga baya kika dawo daga lakwal kika ce a'a, randa gumi take yi, gumin in zai bushe sai ya tafi da zafin. Har yau in na sha ruwa sai na shafa gefenta na ji danshin. Ranar da kika zana mini ƙwayar jininki a kaye, littafin rubutunki, lanƙwasasshiya kamar lauje, na ce jinin manoma ke nan, har da kayan aiki yake yawo. Kin yi dariya kina riƙe da gwiwa. Sai yanzu nake tunanin ko don ni kika yi ta.

Da na dawo shago na kasa ɗinki. Na nemi wani waken, na zauna ina ɗauka ina mayarwa har sau ɗari, duk sanda ja ya haɗu da ja in ja layi da allin tela a kan tebur. Layi ashirin da uku. Na zauna ina kallonsu. Kowane layi yaro ne da zai yi kukan da kika yi ranar da ƙashin bayanki ya tashi, har maƙwabta suka shigo ba sallama. Abin da ke damuna, Cima, gaskiya ce a hannuna ranar nan, amma gwaji ya ƙaryata ni a gaban jama'a. To mutum yaya zai yi ya san gaskiya in gani da ido ma yana iya ruɗinsa? Sau nawa ake gwadawa kafin a ce an sani? Ke ce mai amsa irin wannan. Liman ya ce mini komai rubutacce ne, kuma na yarda. Ke ma kin yarda, sai dai kin ƙara da cewa, "Shi ma likitan an rubuta zai gano."

Yanzu bari in daina kewaye-kewaye. Ba don koyarwa na kai wake Droum ba. Na kai ne don kada in buɗe baki in ce abin yana jikina.

Kina shekara goma sha uku likita ya gwada ni da Innarki. Ya yi mini bayani da faransanci, kuma ɗan abin da na tsinta a aji huɗu ya isa in gane: ni da ita duka muna ɗauke da shi, rabi nata, rabi nawa. Innarki ta taɓa ni ta ce me ya ce. Na ce mata ya ce sai haƙuri. Na ninke takardar na tura cikin aljihun keke. Dama can dangina suna cewa ciwon daga gidan su Innarki ya zo, tunda ita bare ce, daga Gure aka kawo ta. Na bar su a kan haka. Shekara takwas tana sunkuyar da kai a biki da suna.

Ke kika ga takardar, kina neman almakashi. Ba ki yi faɗa ba. Kin ce kawai, "Baba, me ya sa ba ka faɗa musu?" Ita kaɗai ce tambayarki da ban samo mata ko shirme ba. Na ce ki miƙo mini zare.

A zaman makokinki na ji da kunnena wata gwaggonki tana ce wa Innarki ta yi haƙuri, jinin gidansu ne, ba yin kanta ba ne. Innarki ta ce haka ne. Ina tsaye a bakin zaure da buta a hannu, na wuce abina.

In yana jikina, daga iyayenmu na samo shi, ni da Yaya kuwa uwa ɗaya uba ɗaya muke. Yana iya zama a jikinsa, yana iya zama a jikin Rabi. Wannan ce maganar, kuma ba ta buƙatar ƙoƙo. Na san masu karatu za su ga wasiƙar nan, su gani. Amma Yaya ba ya karatun boko, Innarki ma haka, don haka rubutu bai sauke mini komai ba. Sai da baki.

Ban san yadda za ta kaya ba. Yaya na iya cewa na zagi gidan ubanmu, ya hana gwajin, ya daina amsa sallamata. Lawali na iya ƙullace ni har in mutu. Rabi kuma tana iya fitowa lafiya lau, a yi biki a yi ta nuna ni da baki, kuma wallahi wannan nake roƙo a kowace sujada. Ranar Asabar zan koma Droum.

Kafin nan akwai wadda ta fi Yaya haƙƙi a kaina. Gobe da safe, in ta sauke tukunyar kunu, zan zaunar da Innarki in karanta mata takardar gwajin nan da Hausa, yadda likita ya faɗa. Na gwada kalmomin sau da yawa a shago, kowane karo sai in ji wasa na neman shigowa, ina korar sa.

Allah ya jiƙan ki, Cima. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, ya ba ki jikin da ba ya ciwo, ya sanar da ke duk abin da kika tambaya ba a ba ki amsa ba. Ni kuma ya ba ni ƙarfin kallon idon uwarki gobe. Ko ta yafe ko ba ta yafe ba, shekara takwas ɗin nan nata ne, kuma ni na ci su.

Naki,
Babanki Mutari tela, Damagaram.