Addu'ar da Ta Maƙale Mini a Wuya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ƙanwa take yi wa wanta, ina sanar da kai cewa yau kwananka arba'in a ƙasa. Na roƙi mai wannan shafi ta saka wasiƙar nan ba sunana, ba naka. Ka san dalili. A garin nan ba a yin irin wannan magana da suna.

An yi sadaka da safe a gidan Inna a Tarauni. An soya waina, an yi gumba, abokan aikinka nas-nas sun zo da yawa. Duk wanda ya shigo sai ya ce Allah ya jiƙanka, ni kuma in ce amin. Amin ba ta yi mini wuya. Amma in ɗaga hannu ni kaɗai in ce Allah ya jiƙan Yayana, kwana arba'in ke nan na kasa. Sai in fara, maganar ta tsaya mini a wuya. Na gaji da ɗaukar abin nan ni kaɗai, shi ya sa na zauna rubutu.

Ka tuna da cibiya muka fara. Da na haifi babbar 'yata, Inna ta ɗora tsumma a kan kasko za ta gasa mata cibiya kamar yadda aka yi mana. Ka shigo da farin kayanka daga asibitin koyarwa, ka hana, ka ajiye mini kwalbar sifirit da auduga. Na bi maganarka. Da na haifi autana, na ɗauko sifirit, sai ka sake hanawa, wai yanzu an gano wani ɗan man shafawa da ya fi shi. Na ce maka ku dai ba ku da magana ɗaya, jiya kulorokwin ɗin nan mai sa ƙaiƙayi ne sarkin maganin zazzaɓi, yau kun ce ya daina aiki. Ka yi dariya har da dafa bango. Ka ce, "Sarkin gardama, ai abin da ya sa nake son kimiyya ke nan. Kimiyya idan ta yi kuskure, da bakinta take faɗa."

Na ɗauka hirar magani ce kawai.

Sai wata ranar Asabar da hantsi, a tsakar gidana a Gyaɗi-Gyaɗi, ina tsinke zogale kana zaune a kan turmi. Na tambaye ka me ya sa ba ka cika cewa in sha Allahu ba yanzu. Ka kalli tiren zogalen. Sannan ka faɗa mini, a hankali, cewa ka yi shekaru kana nema a cikin zuciyarka ba ka samu ba. Masallaci kana zuwa ne don Inna da don a zauna lafiya. Na ce innalillahi, na tashi na shiga ɗaki na bar ka. Sati uku ban ɗaga wayarka ba.

Da muka shirya, ba mu daina maganar ba. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, kai ka sha littattafai, amma ba ka taɓa raina tambayata ba. Na ce to yanzu kimiyya ce ubangijinka? Ka ce a'a, ba bauta mata kake yi ba, kamar tocila ce a hannunka, iya inda ta haska nan kake takawa, inda ba ta kai ba sai ka ce ban sani ba. Ka ce a wurinku ƙaramin ɗalibi yana iya ƙaryata babban likita in dai ya zo da hujja, kuma a yi masa tafi. Abin da ka kasa haɗiyewa shi ne maganar da aka ce an gama ta, ba a taɓawa, ko da tambaya.

Na ce maka mutum ba ya jingina da katangar da kullum ake rushe ta ana sake ginawa. Ka ce katangar da aka hana duba tsagewarta ita ce ke faɗo wa mutane. Sai da na je gida na samo amsa, amma ban taɓa faɗa maka ba. Lokacin da na rasa ɗana na biyu yana ɗan wata biyar, kai ka bayyana mini abin da ya faru a huhunsa, tiryan-tiryan, kuma na gode. Amma ba wannan bayanin ne ya tashe ni daga kan tabarma ba. Abin da ya tashe ni shi ne maganar da aka faɗa wa kakata, aka faɗa wa Inna, aka faɗa mini ba a canza ko harafi ba: daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da a ce ana sabunta ta duk shekara biyar, ban san da me zan riƙe ba.

Sannan ƙoda ta kama ka. Wata bakwai muna hanyar wankin ƙoda a adaidaita sahu. Kana kwance a gadon da ka saba gyara wa wasu, kana gaya wa yaran da ka koya wa aiki inda za su sa allura. Sau ɗaya na yi maka maganar tuba. Ka ce, "Ƙanwata, ko a yanzu na gani, wallahi ba zan ji kunyar cewa na yi kuskure ba. Amma kada ki sa in yi miki ƙarya." Ban ƙara ba.

Ranar ƙarshe, bayan la'asar, ni kaɗai ce a gefenka. An rufe maka baki da hanci da abin numfashi. Na sunkuya a kunnenka na laƙanta maka kalmar shahada sau uku. Ka buɗe ido ka kalle ni. Sai yatsanka manuni ya ɗago, wannan da aka maƙala masa ɗan abin awo, ya tsaya a sama. Na ce Alhamdulillah. Kafin in rufe baki wata nas ta ƙaraso da sauri, ta ce ai kuwa ruwan ya ƙare, ta cire ledar ƙarin ruwan da ke rataye saitin inda yatsan ya nuna, ta sa wata. Shekara ashirin kana aikin nan, ko a mafarki ba ka barin ledar ruwa ta ƙare ba ka yi magana ba.

Da aka kai gawarka gida, abin da Inna ta fara tambayata shi ne ko ka cika da kalma. Na ce mata ka ɗaga yatsa. Ban faɗi maganar leda ba. Ta yi sujada a tsakar gida, Yaya, da gwiwoyin nan nata masu ciwo. Tun ranar take ba kowa labari.

Shekaranjiya na je wurin Malamarmu ta Islamiyya a Unguwa Uku. Na ce wata ƙawata ce ta aiko ni. Malama ta ce hukunci a bayyane yake, ba a nema wa wanda ya mutu a kan kafirci gafara. Sai ta cire tabarau ta kalle ni sosai, ta ce, "Amma ita ƙawar taki, ta shiga ƙirjinsa ne a lokacin da rai yake fita?" Na ce a'a. Ta ce to ta daina yin aikin da ba nata ba.

Ban sani ba, Yaya. Kai ne ka koya mini cewa ba abin kunya ba ne mutum ya faɗi haka. Na juya yatsan nan a raina har na gaji, kuma ba wani awo da za a yi a gaya mini. Inna ba za ta taɓa jin sauran labarin daga bakina ba. Ni kuma ba zan iya ci gaba da zama alƙali a kanka ba, ƙanwarka ce kawai.

Ya Allah, Kai kaɗai Ka san abin da bawan nan naKa ya cika da shi. Ka ga jariran da ya ceta da tsofaffin da ya wanke ba tare da ya yamutsa fuska ba. Idan ya juyo gare Ka ko da a numfashin ƙarshe ne, Ka karɓe shi, Ka jiƙansa, Ka yalwata masa makwanci. Idan na roƙi abin da bai kamata ba, Ka yafe mini, uwarmu ɗaya.

Na faɗa, Yaya. Bari in tashi, Inna tana jira in kai mata maganin hawan jininta, yanzu ni ke ƙirga mata.

Wassalam.

Taka har kullum,
Sarkin gardama, ƙanwarka.