Kwanon Gishirin Dela

Lahadi, 27 ga Oktoba, 2024
Fasto ya yi sanarwa yau a coci, godiyar kaka ranar 24 ga watan gobe. Kamar kullum, kowane gida zai fito da rawa ya kai gaba abin da Ubangiji Ya ba shi bana, mai gero da daminsa, mai gyaɗa da ƙwaryarsa. Ni Dela me zan kai? Gonarmu ta hanyar Roni ciyawa ce ta gaje ta. Tun bayan Ista da ɓarin jikin maigidana Daudu ya shanye, ba noma, ba magana. Mutumin da in ya fara surutu sai tuwo ya huce! Yanzu sai ido. Na zauna a bencin baya, ban buɗe baki a waƙa ba. Ni da Allah muna 'yar tsama, kuma Ya sani.

Talata, 29 ga Oktoba
Zumuntar mata. Matar Fasto ta ce kowacce ta riƙa neman abu ɗaya kullum da za ta gode wa Allah a kai. Na ce to, Mama. A zuci na ce ita ai da sauƙi, nata mijin yana magana har sai yunwa ta kama jama'a.
Na yau: akuya ba ta ci min shanya ba. Na gode. Ya isa.

Alhamis, 31 ga Oktoba
Ƙuli-ƙulin da nake sayarwa ya ƙare tas kafin la'asar. To, wannan ma a sa.

Litinin, 4 ga Nuwamba
Mun je Kazaure ganin likita. Hawan jinin ya sauka, amma dokar tana nan, kada gishiri ya kusanci miyar Daudu. Maganar kuwa, wai sai haƙuri, tana iya dawowa, tana iya ƙi. A mota na yi ta roƙo a zuci: Ya Yesu, kalma ɗaya kawai. Ya kira sunana, ko ya ce amin in na yi addu'ar abinci. Ban nemi wa'azi ba.
Yaron mota ya ɗauko Daudu cak kamar ubansa, ya sauke mana shi har ƙofar gida. Ban san sunan yaron ba. Na sa shi a na yau.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Maƙwabciyata Khairiyya ta leƙo ta katanga, wai ta ji bikin godiyarmu ya kusa. "Yaya Dela, ki ɗauki dami ɗaya a namu ki kai mana. Wa zai sani?" Na ce Wanda za a kai wa ai Shi zai sani, ba Shi Ya yi ruwan ba? Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ita da sallarta, ni da cocina, amma tukunyarmu kamar ɗaya ce. Hawaye ya zo min, na ce hayaƙi ne.
Ba zan yi rawa da geron aro ba. In babu, na zauna gida ranar.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Daudu ya kawar da kai daga tuwo. Jiya ma haka. Yana ramewa, tsoro nake ji. Ba abin godiya yau, kada a dame ni.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Na je ɗiban ruwa, na bar wa Khairiyya Daudu. Na dawo na tarar da shi da kwanon miyar kukarta, ya suɗe har yana lasar yatsa. Na ce, Khairiyya, da gishiri a ciki? Ta dafe ƙirji. "Wayyo, na shafa'a wallahi!" Na yi mata faɗa sosai. Shi kuwa gogan yana ta murmushi da rabin bakinsa, kamar yaron da ya saci tsire.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Da rana na kawo tuwo da miyata ta likita. Na yi addu'a, na jira amin kamar kullum, shiru. Na ba shi loma. Ya tauna, ya ɓata fuska, ya dube ni, ya yi ta kokawa da harshensa, sai ya ce, "Gishiri."
Na ce me ka ce, Maigida? Ya sake, da ƙarfi, har da harara. "Gi-shi-ri."
Ludayi ya faɗi. Na yi guɗa, na yi kuka, na fita ba takalmi ina kiran Khairiyya. Watanni ina roƙon ya kira sunana, ashe ƙorafi za a fara aiko min da shi. Daudu ke nan, ba wani ba. Wanda Ya yi shi Ya san halinsa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba
An samu ƙari: "ruwa", da "a'a". "Dela" har yanzu tana hanya.

Lahadi, 24 ga Nuwamba
Na je. Na cika ƙaramin kwano da gishiri, na ɗora a ka, na shiga layi tsakanin masu damin gero da masu kaji. Mata sai ƙus-ƙus, wata ta ce ko miya za a yi a coci. Da na isa gaba Fasto ya leƙa kwanon ya ce, "Mama Dela, a wace gona aka noma wannan?" Na ce a bakin Daudu, Baba Fasto. Na ba su labari. Aka yi dariya, sannan na ga matar Fasto tana goge ido da bakin zane. Masu ganga suka ɗauka. An ce na yi rawa. Ni ban tuna ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba
Ina shara da safe Khairiyya ta leƙo, wai yau waƙa ake yi a gidan nan? Na ce rediyo ne. Ta ce rediyon da ba batir tun damina?
Ba wai mun gama shiryawa da Allah ba ne, akwai sauran magana, gona na nan, ƙafar Daudu na nan. Bencin gaba kuwa da na koma a coci jiya, ba don komai ba ne, na baya ne yake da ƙusa.
Daudu ya sake neman gishiri a kunu, a kunu fa! Na ce ba za ka samu ba, Maigida, amma don Allah sake faɗa in ji.